Ranar da Likita Ya Ba Shi Izini

Likita ya duba ɗinkin, ya ce ya warke. Na'urar da aka dasa wa Tela a gaba ta zauna daidai, yanzu zai iya kusantar iyalinsa. Amma tun da suka fito daga asibiti shi da matarsa yake zaune a mota riƙe da sitiyari, gilasai a rufe, gumi na bin wuyansa.

"Baban yara, mu tafi mana," in ji matarsa.

Shekara huɗu ciwon suga ya raba su da shimfiɗa, yana fakewa da lalura. Yau ba sauran mafaka.

"Sai na latsa wani abu da hannu kafin in zama namiji," ya ce, kansa a sunkuye. "In za ki ji ƙyama, faɗa mini a nan. Ba zan iya jure ganinta a fuskarki ba."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ni ma tsoro nake ji, kar in fama maka ciwo. Amma ba rashin wannan ne ya cinye ni ba, juya mini baya da kake yi ne."

"In kuma na kasa fa?"

Ta ɗora hannunta kan nasa. "Sai mu kasa tare. Wa zai tambaye mu?"