Kwandon Wayoyi

Kafin baƙi su fara shigowa Inna ta riga ta bi teburan zauren ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe katunan. Kowane kati na ɗauke da wani zane baƙi da fari mai kusurwa huɗu, kamar taron tururuwa, a ƙasansa an rubuta: haska da wayarka, ka zuba mana hotunan da ka ɗauka. Aikin ƙanwar ango ne, wadda ta yi karatun kwamfuta kuma ba ta bari kowa ya manta.

Inna ƙanwar mahaifiyar amarya ce, tsohuwar shugabar makaranta. Ta yi ritaya, halinta bai yi ba. Yayarta na kwance a asibiti bayan tiyata, likita ya hana ta ko zama a kujera, kuma Inna ta riƙe hannunta ta yi mata alkawari za ta kawo mata bikin nan kaf a hoto. Hoto na mutunci take nufi. A wani biki da ya wuce wani ɗan albarka ya ɗauki Inna hoto tana tsakiyar tauna, har yau hoton na yawo a wayoyin dangi.

Shi ya sa ta ɗauko mai hoto na gaske, tsohon ɗalibinta. Ya yi gemu, ya yi 'ya'ya, amma har yanzu in ta kalle shi sai ya duba ko maɓallin rigarsa a ɓalle yake. Da ta nuna masa katunan ya taɓe baki, ya ce hoton waya ai na masu neman aiki ne. Ta ji daɗin amsar. Ta juya za ta nufi kwandon shara, jakarta ta kwashi ƙafar kyamararsa, abin ya kife a kan tayil. Ya ɗauka da sauri, ya goge da hannun riga, ya ce ba komai. Ta ce da ma ba ta tambaya ba.

An fara taro. Fitilar kyamara na ta walƙiya, Inna na jera mutane kamar layin safe: dogaye baya, gajeru gaba, kai rufe bakinka. Mai hoton ya matso ya ce yana son ya ɗan fita ya dawo yanzun nan. Ta tambaye shi ko a makaranta ta taɓa ba shi izinin fita ana tsakiyar darasi. Ya koma bakin aikinsa.

Can sai ta hango kati a kan wani tebur. Ta hango wani. Ta bi sawu har bayan labule, ta iske mai hoton durƙushe a gaban kwandon shara yana tsamo katunan yana share su a wandonsa, ƙanwar ango tsaye a kansa tana karɓa.

"Malama, in za ki ba ni minti ɗaya..."

"Na ba ka shekara shida, me ka yi da su?"

Bayanin bai yi mata wuyar samu ba. Ko dai yarinyar ta yi masa murmushi, ko kuma ragwancinsa na da ne ya motsa, yana son baƙi su yi masa aiki ya zauna ya sha lemo. Ƙanwar angon ta ce, da ladabi mai ƙaiƙayi, ai Inna zamani ne ya zo da haka. Inna ta ce ta sha ganin zamani, yawancinsa ta kore shi gida ya zo da iyayensa.

Mai hoton bai daddara ba. Ta gan shi yana bin tebura yana sunkuyawa, yana nuna wa tsofaffi yadda ake haska katin, gumi ya jiƙa masa ƙeya duk da sanyin na'ura. Wayoyi suka fara ɗagowa sama. Shi kansa ya zaro tasa daga aljihu ya saita amarya.

Inna ta karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa. Ta yi wa kowa barka da zuwa, ta ce iyalin amarya sun tanadi mai hoto, saboda haka ba a buƙatar taimakon 'yan sa-kai. Ta juye furannin da ke cikin wani babban kwando, ta fara zagayawa da shi. Rabin zauren sun taɓa zama a ajinta, sauran rabin sun ji labari. Wayar mai hoton ce ta fara shiga, ta ƙanwar ango ta biyu. Katunan kuwa a wannan karon yaga su ta yi.

Daga nan biki ya tafi yadda take so. Aka yanka kek, amarya ta yi kuka daidai gwargwado, kakan ango ya taka rawar da ba wanda ya san yana da ita. Inna na zaune da kwando a cinya, tana kallon fitila na walƙiya, tana lissafa hoton da za ta fara nuna wa yayarta.

Da la'asar zaure ya watse, kowa ya karɓi wayarsa ba godiya. Tata ta yi ƙara, daga asibiti. Muryar yayarta a shaƙe, ta ce a nuna mata ko guda ɗaya ne, ta ga 'yarta cikin kayan amarci kafin allurar barci ta ɗauke ta. Inna ta ce yanzu kuwa, ta yafito mai hoton da yatsa.

Ya zo ya tsaya, hannu a baya. Ya duba maɓallin rigarsa.

"Malama, tun da jakarki ta kayar da kyamarar da safe, fitilar ce kawai ke aiki."