Jan-baki a Kan Malafa

Ka ce mini, Tasi'u, an haska sabon fim ɗinka a gidan kallo, matar nan mai likkafani ta fito daga bayan tsamiya, sai mutane suka bushe da dariya, har wani ya riga ta yin kukan da za ta yi. Ka ce a fim na farko mata har salati suke yi, wannan na biyar ne, kuma ba ka sauya komai ba. To ai ka amsa tambayarka da bakinka, ɗana. Amma gyara zama, in ba ka labarin wani manomi.

Manomin nan a fadama yake. Mahaifiyarsa ta rasu ta bar masa irin shinkafa, ja, mai ƙamshi, wadda in an ɗora ta a wuta sai maƙwabta sun sani. Daga garinsu ta taho da irin a ƙulle a bakin zane, kuma duk yankin ba mai shi sai gidansu. Kowace shekara yakan shuka rabi, ya rufe rabi a tulu saboda halin yau. Abokin gabarsa ɗaya ne, jan-baki, tsuntsayen nan masu tasowa kamar hadari daidai lokacin da shinkafa ta fid da kai. Tun fitowar rana yana kan rumfa da majajjawa, yana jifa yana ihu har muryarsa ta dishe. Wata shekara ya gaji, sai ya gicciya sanda biyu, ya zura musu tsohuwar rigarsa, ya kifa malafa a sama, ya kafa a tsakiyar gona. Tsuntsaye suka zo, suka ga mutum tsaye hannu a buɗe, suka karkata suka wuce. A shekarar ya cika rumbu ba tare da ya jefa dutse ko ɗaya ba. Kafin damina ta zagayo kowace gona a fadamar ta sami nata mutum-mutumin, riga iri ɗaya, malafa iri ɗaya, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su.

Akwai wata tsohuwa da gonarta ke maƙwabtaka da tasa. Ita ma ta kafa nata, sai dai ba ta bar shi ya huta ba. Yau yana gabas, gobe yana bakin ruwa. Wata rana kuma sai ta tuge sandunan, ta sa rigar a jikinta, ta kifa malafar, ta buɗe hannu ta tsaya cik cikin rana. Sai tsuntsaye sun matso sannan ta sakar musu majajjawa. Saboda haka a gonarta ba su taɓa sanin ko itace ne a tsaye ko mai rai ba. Manomin yakan yi mata tsiya, ya ce, "Iya, ki raga wa gwiwoyinki mana. Ga nawa can shekara biyu bai matsa ba, aiki yake yi." 

A shekara ta uku ya ga ya sami mai gadi wanda ba ya ci, ba ya sha, ba ya gyangyaɗi. Sai ya faɗaɗa gona, ya juye tulun nan kaf ya shuka, bai rage ko ƙwaya ba. Shinkafa ta yi kyau irin wanda bai taɓa gani ba. Tana fid da kai aka aiko masa yayansa ba lafiya a wani gari mai nisa. Ranar da zai tafi ya shiga gona ya ƙara ɗaure igiyar sandunan. Ya ga farin kashin tsuntsu a kan malafa, ya sa hannu ya kakkaɓe, bai kawo komai a ransa ba. Kwana tara ya yi yana jinya. Da ya dawo bai ko biya gida ba, ya zarce fadama. Tun daga nesa ya hango tsuntsayen jere a kan hannayen mutum-mutumin suna gyaran fiffike, wani babba yana zaune daram a kan malafa. Ya shiga gonar yana murza zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi kawai yake zuba. Har la'asar yana neman abin da zai cika masa tafin hannu ya yi iri, bai samu ba. Nan ya zauna a kan kunya ya yi kuka, babban mutum da furfurarsa, don ji ya yi kamar ranar ce ya binne mahaifiyarsa. Tsohuwa ta auno masa iri daga tata farar shinkafa, ya karɓa ya yi godiya. Ya ci gaba da noma, ba su kwana da yunwa ba, amma ƙamshin nan bai sake tashi a gidan ba har ya mutu.

Ban ce ka yar da likkafani ko ka sare tsamiya ba, Tasi'u. Da rigar ba ta yi kama da mutum ba, tsuntsu ko kallonta ba zai yi ba tun farko. Abin da ya ba ni tausayi shi ne ka kafa ta ka tafi, shekara da shekaru ba ka ƙara shiga cikinta ba, kana zaton tsoron yana nan inda ka bar shi. Hausawa kuwa tuni suka tambaya: ido, wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani yau da gobe.