Ƙofar da Yaya Ya Bari a Buɗe

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, sunan Yaya ya sake bayyana a allon kwamfuta. Auta ta janye hannu daga madannai kamar ta taɓa tukunya mai zafi. Shekara biyu ke nan da binne shi.

Ba wannan ta zo nema ba. Manaja ne ya ba ta aiki. Ya ce masu binciken tsaro sun gano wata tsohuwar ƙofa a babbar kwamfutar ofis, a rufe ta kafin ƙarshen mako. A can cikin zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wadda injiniyoyi ke kira kanel, akwai hanyar da mai babban izini zai bi ya taɓa ƙwaƙwalwar kwamfuta kai tsaye. Zai iya karanta abin da ya ga dama, ya rubuta inda ya ga dama, ba mai ce masa don me. Ɓarawo ya samu wannan hanya, ai shi ke nan, asirin kowa ya tonu.

Auta mace ce mai bin ƙa'ida. Kafin ta rufe ƙofa sai ta fara ganin masu bi ta cikinta, don haka ta saka mata ido kwana uku. Mutum ɗaya tak ke bi, sau ɗaya a rana, kuma yana kwance a kabari.

Yayanta ne ya haɗa na'urar da hannunsa, shi ya kawo ta aiki nan, shi ya koya mata ɗaure waya ba tare da ta kanannaɗe ba. Kujerarsa mai karyayyen hannu tana nan a lungun ɗakin, tsakanin na'urar sanyaya iska da kwalin tsofaffin wayoyi. Ba wanda ya zauna a kai, ba wanda ya yi ƙarfin halin fitar da ita.

Ta bi sawun abin. Wata 'yar manhaja ce ba suna, ba bayani, ba rubutun asali da za a karanta. Kullum sai ta farka, ta rubuta 'yan lambobi a wani lungu na ƙwaƙwalwar, ta koma barci. Lungun na wani ƙaramin kati ne da ke maƙale a bayan na'urar, mai ramin saka layin waya da ɗan tsinken eriya da ƙura ta lulluɓe. Manaja ya ɗaga kafaɗa, ya ce kayan marigayi ne, shi ma bai taɓa sanin amfaninsa ba.

Da ta so, da ta warware manhajar zare-zare cikin kwana biyu. Gaskiyar magana, tsoro take ji. Ba ta yarda da fatalwa ba, amma ta san Yaya bai bar duniya yana jin daɗinta ba.

Ranar da Baba ke jinyar ƙarshe, Auta tana ɗakin nan tana gyaran da ta rantse minti talatin ne. Ta isa asibiti an riga an rufe masa fuska. Umma ta dube ta, ta ce, “Kin iso?” Ba ta ƙara ko kalma ba. Tun daga nan Auta ta kasa haɗa ido da uwarta. Ba ta zuwa, ba ta kira, in Umma ta kira kuma sai ta ce tana taro. Yaya ya yi lallashi, ya yi faɗa, har wata rana ya buga teburin nan ya ce, “In ba za ki yi ba, akwai mai yi miki.” Bayan shekara ɗaya zuciyarsa ta tsaya a hanyar gida.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Umma ba ta taɓa yi mata ƙorafi ba. Ko ranar zaman makokin Yaya, ta kama hannunta a gaban dangi tana cewa ga 'yar albarka mai tuna uwarta. Auta ta ɗauke shi habaici, irin mai laushin nan da ya fi mari zafi. Ta haɗiye, ta ƙara nisa.

Rana ta huɗu ta zauna ita kaɗai, ta kulle ɗakin, ta zuba wa kujerar ido. Sanyi ya ratsa ta har ƙashi. Huɗu da minti goma, wata 'yar koriyar fitila ta ƙyafta a jikin katin sau biyu, sunansa ya hau allo. Ta ji kamar yana tsaye a bayanta da hannu a aljihu, yana jira ta juyo.

“Ka yafe mini, Yaya,” in ji ta a hankali. “Na gaji.”

Washegari da safe ta kashe na'urar, ta ɗora sabon kanel mai rufaffiyar ƙofa. Ta goge asusunsa da duk abin da ke ciki, ta zare katin ta jefa cikin kwali. Aiki tsaf, har Manaja ya yaba.

Huɗu da minti goma ta yi, allon bai motsa ba. Ta yi zaton za ta ji sauƙi, sai ta ji ɗakin ya yi mata girma.

Huɗu da rabi wayarta ta yi ƙara. Umma ce. Yau dai Auta ba ta ce tana taro ba.

“Auta, lafiyarki ƙalau kuwa?” in ji Umma. “Shekara uku kullum da yamma saƙonki na shigowa daga lambar ofis, ‘Umma, ya jiki? Kina cikin raina. Autarki.’ Shi nake jira in ci abinci. Yau ina riƙe da wayar tun ɗazu, shiru.”