Hannun da Ke Bangon Mujalla

"Wannan hannun mijina ne," in ji matar, ta ɗora mujallar a teburin mai hoto. A bangon, wani shuɗin dutse na walƙiya a tafin hannu mai guntulallen yatsa.

Mai hoton ya tuna hannun. Sana'arsa ke nan, ɗaukar hoton duwatsu masu daraja don mujallar masu tara su, kuma yakan sa mahaƙi ya riƙe dutsen don a ga girmansa.

"Rami ya rufta da shi ina da cikin wannan," ta ce, ta nuna 'yar da ke riƙe da zanenta. "Ko gawa ba mu samu ba, hotonsa ko ɗaya babu. Malam, don Allah ka nuna mata fuskar ubanta."

Mai hoton ya buɗe kwamfuta, ya lalubo hotunan ranar. Duk hannu ne. A guda ɗaya kawai mutumin ya fito har kai, amma dutsen aka saita wa kyamara. Kowane tsagi nasa ya fito tar, fuskar kuwa ta dushe kamar hayaƙi.

"Ba ya gyaruwa, baiwar Allah," ya ce.

Duk da haka matar ta ɗaga yarinyar. "Ga Babanki nan. Gaishe shi."

Yarinyar ta ƙura ido, ta yi murmushi. Ta miƙa hannu, ta wuce fuskar, ta shafa shuɗin dutsen.

"Baba," ta ce.