Marufin Usto Zikrullo

Bahodur ya kau da kai ya riƙe numfashi, amma a banza. Usto Zikrullo irin mutanen nan ne da ba sa magana sai sun kawo bakinsu dab da hancinka. Leɓɓansa a tsattsage, haƙoransa baƙi ƙirin, ga wani wari mai ɗaci da ko tafarnuwar da yake taunawa ba ta iya danne shi ba. Duk maganar da ya yi sai ya bi ta da tofar da yawu.

Tallan da ya saba yi ne yake yi. Wasu falankai ne na gwangwani, waɗanda yake kira marufi, da yake ɗaurawa a ragar gaban mota, da wata waya da direba zai ja daga mazauninsa ya rufe su. A cewarsa, iskar da ke kutsawa ta ragar ita ke riƙe mota a kan titi, in an toshe mata hanya sai mota ta riƙa zamewa, shan mai ya ragu. Rabin motocin tashar Khujand masu zuwa Dushanbe duk sun saka.

Bahodur ya san ana samun ragi, amma bai wuce cikin cokali ba, kuma ya tsani ganin wannan tarkacen a fuskar mota mai kyau. Ya fi tsanar mai yin sa. Sai dai babu yadda za ka guje wa Usto a tashar nan. Layin lodi yakan kai awa huɗu, don haka direbobi sukan bar masa makullansu su tafi gidan shayi, shi kuma ya riƙa matsar da motocin gaba a layi.

Motar ba ta Bahodur ba ce, ta surukinsa ce, Hoji Nurmat. Tun farkon bazara take zuƙar mai kamar an huda mata ciki. An duba tanki, an wanke inji, an canja fulogi, abin na nan. Ranar Juma'a, a gaban Mehri matar Bahodur da yayyenta biyu, tsohon ya ajiye kofin shayinsa.

"Ɗana, mota ba ta sata. Mutum ke sata. Na ba ka mako biyu, in abin bai canja ba ka kawo min makullina."

Mehri ba ta ɗago kai ba, kuma hakan ya fi masa zafi fiye da maganar. Washegari Bahodur ya kai wa Usto motar don ya saka mata marufin, ya tsaya nesa yana kallon waɗannan yatsu masu maiƙo suna luguiguita mata gaba.

A tafiyar farko shan mai ya ragu da lita shida. A ta biyu, bakwai. Bahodur ya kasa gaskata idonsa, har ya ji kunyar kansa. Hoji Nurmat ya nemi gafararsa a gaban mutanen da ya ci masa fuska a gabansu, sannan ya ce lallai a kirawo wannan bawan Allah a karrama shi. Aka dafa shinkafa da naman rago, aka zuba a faranti ɗaya. Bahodur ya zauna kusa da Usto yana kallon yadda yake cusa hannu a baki har wuyan yatsu, ya lashe, ya sake mayarwa cikin farantin. Haka Bahodur ya haɗiye kowace loma da ƙyar, yana murmushi, yana ce masa yaya. Daga baya ma shi da kansa ya kai masa direbobi uku, ya kuma yi wa wani sabon direba mai farar mota dariya don ya ce ba zai saka ba.

A watan Yuni, yana hawan tsaunin Shahriston da fasinja huɗu, ya ja wayar don ya buɗe falankan kada inji ya ɗau zafi. Sai wayar ta biyo hannunsa gaba ɗaya. Ya tsaya a gefen hanya ya leƙa. Falankan a buɗe suke wangame, tsatsa da busasshiyar laka sun kafe su, da gani sun yi makonni ba su motsa ba. Bai tsaya tunanin komai ba, tsoro ne kawai ya kama shi, fuskar Hoji Nurmat yake gani.

Washegari da azahar, maimakon ya bi sauran direbobi cin abinci, ya nufi neman Usto da wayar a hannu. Ba ya rumfarsa. Ya bi layin motocin har ƙarshe, wajen katanga, inda ya ji wani tari mai kama da kakarin amai.

Usto Zikrullo na tsugune a gindin farar motar sabon direban, jarka tsakanin ƙafafunsa, bakin tiyo ɗaya a cikin tanki, ɗayan a bakinsa. Ya zare, ya tofar da fetur, ya goge leɓe da hannun riga, ya ɗago ya dubi Bahodur ba tare da ko ɗar ba.

"Kwantar da hankalinka, ƙanena," ya ce. "Taka ai tana da marufi, tun ranar da ka saka na daina taɓa ta."