Fuskar Soja na Uku

Kai da kake jiran sai mutum ya buɗe baki kafin ka san abin da ke ransa, zauna ka ji wannan.

A wani gari na bakin hanyar jirgin ƙasa, ƙungiyar tsofaffin sojoji ta sa aka yi mata mutum-mutumi uku na siminti a ƙofar ɗakin taronta, kowanne ya fi mutum tsayi da kamu biyu, don tunawa da 'yan garin uku da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Ƙirarsu ɗaya, fuskarsu ɗaya, launin toka. Aka kira wani mai fenti da ya tsufa yana zana jikin manyan motoci, aka ce ya mai da su mutane. Mutumin nan ba ya gaggawa. Kakin jikinsu bai shafa masa launi ɗaya ba: ya koɗar da kafaɗu inda rana ke duka, ya duhunta wuyan riga inda gumi ke zama, ya bar 'yar dauɗar hannu a bakin aljihu. Fata kuwa sai ya fara shimfiɗa ja irin na jar ƙasa, ya bari ya bushe, sannan ya bi shi da duhu sau uku, domin a cewarsa babu mutumin da yake baƙi ƙirin, jini yana ƙarƙashi. Farin ido ma ba ya barinsa fari. Yakan ɗiga masa rawaya da ja, irin idon wanda ya sha hayaƙi da doguwar tafiya. Biyu na farko akwai hotunansu, cikin wata guda ya gama. Na uku ne ba shi da hoto.

Wadda ta rage a gidansu cikin waɗanda suka san shi uwarsa ce, tsohuwa mai sayar da daddawa, yanar ido kuma ta fara rufe mata gani. Kowa ya san kafin damina ta zagayo ba za ta ƙara bambance fuska da fuska ba. Mai fenti ya ƙudurta sai ta ga ɗanta kafin nan. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, yaya kamanninsa suke?" Ta ci gaba da mulmula daddawarta, ta ce, "Wa? Yaron gidan nan? Ni ina na taɓa tsayawa kallonsa? Je ka tambayi masu ido." Ɗan fari ne. Tun yana goye ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane ba. Ran da motar soja ta kwashe su ma ɗaki ta shige. Shekara arba'in da rasuwarsa ba su rage kunyar nan ko ƙwaya ba. Abokan yaƙinsa kuwa tsufa ya rikita su, wannan ya ce dogon hanci gare shi, wancan ya ce, "Haba Saje, hancinka dai kake tunawa." Abu ɗaya suka yarda a kai, bille a kumatun hagu.

Sai mai fenti ya daina tambaya, ya koma kallo. Kowace ranar kasuwa tsohuwar takan wuce ta nan da farantinta a ka. Takan tsaya, ta kare rana da tafin hannu, ta bi sojan na uku da ido daga hula har takalmi, kamar yadda ake kallon baƙon da ya sauka a tasha, ta ce, "Sannu da aiki, ya yi kyau," ta wuce. Dattawan ƙungiya suka ce to ai shi ke nan, uwa ta yaba, ya sauko daga tsani. Shi kuwa sai ya ɗauki wuƙa ya kankare fuskar ya sake. Ya aro goshi daga wani ɗan baffan mamacin, mahauci a kasuwa. Ya aro haɓa daga wata jikar gidan. Sau bakwai yana sakewa, sau bakwai tana cewa ya yi kyau, kullum kuma tana ƙara matsowa kusa kafin ta gani. Ran nan yana kan tsani, ta ɗago kai tana dubawa, ya lura girarta ta kusa haɗewa, fatar idonta na hagu kuma ta ɗan sauka kamar mai jin barci. Ya yi ta bin fuskokin gari, ya bar wadda take zuwa masa da ƙafarta duk mako. Ya ɗauki girar nan da idon nan, ya debe musu shekara hamsin, ya ɗora a kan billen.

Ranar kasuwa ta takwas ta zo. Ta ɗaga hannu za ta kare rana, hannun bai kai goshi ba. Ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tsallaka ɗaya gefen hanya, ta ƙara sauri. Shugaban ƙungiya ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce, "Ka gani ko? Ka yi ta gyara har ka ɓata! Yau ko sannu ba ta yi maka ba." Mai fenti ya sauko a hankali, ya wanke burushinsa ɗaya bayan ɗaya cikin kananzir, ya jera su a rana, ya kwantar da tsanin. Ya san baƙo ake ƙura wa ido. Ɗan fari kau da kai ake yi masa.

Akwai wata hanya daga gidanta zuwa kasuwa da ta fi wannan kusa. Har idon ya rufe ba ta bi ta ba ko sau ɗaya. Ta nan take wucewa, ta can gefe, kanta a sunkuye, mayafi a ja.

Shi ya sa magabata suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.