Hankicin Baba

Ranar da Baba yake yi wa teburin Jibin Ubangiji na cocinmu a Zonkwa ado, ina tsugune kusa da shi. Ya sassaƙa gurbin gicciye a jikin katakon, yana cike shi da ƙumba, ɓawon nan mai sheƙi da muke tsintowa a rafi. Cikin kwanon ruwa yake goge kowace, don kada ƙura ta tashi.

Wata ta ƙi shiga gurbinta, dole ya goge ta a bushe. Na ga farin gari ya rufe sheƙin, na kumbura kumatu zan hure.

Tafin hannunsa ya rufe min baki, yana warin man katako.

"Kar ki hura, Mamana. Ƙuran wannan abu, in ya shiga ƙirji, ba ya fita."

Ya kwance jiƙaƙƙen hankicin da ke hancinsa ya ɗaura min. Shi kaɗai ne yake da shi. Ya ci gaba da guga, yana ɗan tarin nan da muka saba ji har muka daina lura.

Teburin yana nan, gicciyen bai dushe ba. Har yau in na zo gabansa, sai na tarar na riƙe numfashi.